Ajin addini da koyon magana da na sa ɗiyata a Gusau: abin da na gani a zango uku

Ni tela ce. Shagona yana Tudun Wada a nan Gusau, shekara goma sha tara ke nan ina taka keke a wuri ɗaya. Tun ranar Lahadin da ɗiyata ta tsaya gaban jama'a ta yi karatu na biyu daga Littafi Mai Tsarki a Mas ɗin Hausa, wato babbar sujadarmu ta Katolika, matan Zumunta ba su bar ni na huta ba. Wannan ta tare ni a bakin coci, waccan ta biyo ni har shago da atamfa a hannu, amma tambayar ɗaya ce: wane aji kika sa ta, nawa ake biya, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Na ga amsawa guntu-guntu tsakanin awo da yanka ba ta wadatar ba, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi komai, mai daɗin da marar daɗin. Ba zan kama sunan makarantar ko na malamin ba, domin akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma na riga na kai musu shi baki da baki.

Makarantar sakandare ce ta kuɗi, wasu 'yan cocinmu suka buɗe ta. Ajin ba ya cikin darussan safe. Sau biyu ake yin sa a mako: Laraba daga ƙarfe huɗu zuwa shida na yamma, da Asabar daga goma na safe zuwa ɗaya. Suna karɓar yara daga shekara goma sha uku zuwa sha bakwai, ko da ba ɗalibansu ba ne. Tawa ma a makarantar gwamnati take, tana SS1 lokacin da ta fara. Abu biyu ake koyarwa a haɗe, koyarwar Katolika da yadda ake tsayawa a yi magana gaban mutane. Kuɗin zango, in na auna da aikin hannuna, ya kai ladan ɗinkin kaya huɗu na mata, riga da zane da kallabi, ban da na kabu-kabu zuwa da dawowa. Ga mai yara biyar a wannan tsada, ba abin wasa ba ne.

Abin da ya kai ni can kuwa, maƙwabciyata Hajiya ce. Shekara goma sha ɗaya katangarmu ɗaya da ita. Naman layyarta bai taɓa wuce gidana ba, shinkafar Kirsimetinmu ba ta taɓa wuce nata ba, kuma ranar da na haifi autana ita ta kwana da ni a asibiti. Wata rana na aiki ɗiyata ta kai mata ɗinki. Hajiya ta ga rosari, carbin addu'armu, a wuyanta, sai ta ce, “'Yan mata, zo in tambaye ki mana. Wai gaskiya ne ku Katolika Maryamu kuke bauta wa?” Wallahi ba da wata manufa ta yi tambayar ba, na san halinta, so take ta sani. Yarinyar nan da ta yi shekara biyu tana katekizim, wato darasin koyarwar coci, ta ci jarrabawar Katekis mai koyar da shi, Bishop ya ɗora mata hannu ya shafa mata mai, sai ta durƙusa ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. Ko uffan. Hajiya ta ce, “Ayya, tashi ki tafi, ban yi don in ba ki kunya ba.”

Ta dawo ta shige ɗaki tana kuka. Da na matsa mata, ta ce, “Mama, na san ba haka ba ne, amma bakina ya ƙi.” Wannan maganar ta kwana a raina, domin da ni Hajiya ta tambaya, ban da “a'a, ba haka ba ne” ba ni da abin ƙarawa. Mu hadda aka koya mana, tambaya da amsa, kuma haddar tana da amfaninta, har yau ita nake riƙe da ita. Amma in tambaya ta zo da wata riga dabam da wadda ke cikin littafi, sai yaro ya rasa ta inda zai kama.

Malamin ba Fada ba ne, ba kuma Katekis ba. Magidanci ne mai iyali, ya yi wasu shekaru a seminari, makarantar horar da Fada, kafin ya ga ba nan kiransa yake ba, yanzu shi ke koyar da CRS, darasin addinin Kirista, a makarantar da safe. Ranar da na kai ta ya ce mini, “Mama, ki ba ni zango biyu. A na farko ba za ki ga komai ba.” Ya faɗi gaskiya, har ma abin ya fi yadda ya faɗa muni.

Zangon farko duk da Turanci aka yi shi, daga addu'ar buɗewa har ta rufewa. Yaran da suka taso a makarantun kuɗi suna zuba kamar rediyo, irin ɗiyata kuwa, da Hausa take tunani, da Hausa take addu'a, sai ta koma kujerar baya. Akwai kuma wani matashi da ke taimaka wa Malam, shi ke riƙe ajin in Malam ya makara. Wata Laraba ya tsayar da ita karatu, harafin p ya zame mata ya koma f kamar yadda yake yi wa kusan kowane Bahaushe, sai ya maimaita kalmar yadda ta faɗe ta, da ƙarfi, har sau biyu. Aji ya kwashe da dariya. Ta yi mako biyu tana ce mini cikinta ke ciwo duk ranar aji kafin na gano dalili. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na biya kuɗi don a buɗe mata baki, ga shi an ƙara ɗinke shi. Maigida ya ce a cire ta kawai. Na ce a'a, sai na je na gani da idona tukuna.

Na rufe shago wata Asabar na tafi ba tare da na sanar ba. Malam bai nuna damuwa ba, ya sa aka ba ni benci a can baya kusa da taga. Yara sun haura arba'in a ɗakin. Ranar darasin sakramenti bakwai ake yi, wato manyan ibadun coci irin su baftisma, an kai kan furta zunubi gaban Fada. Bai fi minti ashirin yana bayani ba. Ya karanta musu Yohanna sura 20, inda Yesu ya hura wa almajirai numfashi ya ba su ikon gafarta zunubai, ya bayyana dalilin da ya sa Fada ba ya taɓa fitar da abin da ya ji ko da za a yanka shi, sannan ya rufe littafi. Sai ya ɗauko wani tsohon gwangwanin Bournvita cike da 'yan takardu a nannaɗe. Duk wanda aka kira zai sa hannu ya zaro ɗaya. A kowace takarda an rubuta mutum da tambaya: kakarka da ba ta yi boko ba ta ce me ya sa ba za ta roƙi Allah gafara a ɗakinta ba, ƙaninka ɗan shekara shida ya ce me kake faɗa wa Fada, abokinka ɗan ECWA ya ce ina aka rubuta. Minti ɗaya ake ba yaro ya yi tunani, minti ɗaya ya amsa a tsaye, yana fuskantar aji.

A gefen tebur wata yarinya na zaune da kwanon sha da tarin marafen kwalba. Duk lokacin da mai magana ya ce “eh… eh…” ko “wato… wato…” sai ta jefa marfi ɗaya, ka ji ƙwal. Ba mai dariya, an hana. In ya gama a ƙirga, ya rubuta a bayan littafinsa. Wani dogon yaro ya tashi da marfi goma sha ɗaya, ya duba littafinsa ya ce makon jiya sha bakwai ne, aji ya tafa masa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Malam ke gyara. Ba ya fara da kuskure. Sai ya tambayi aji, “Me kuka ji ya faɗa?” In abin da suka maimaita ya yi daidai da koyarwa, an wuce. In ya karkace, sai ya ce wa mai maganar, “To ka ji abin da ya isa kunnensu. Haka kake nufi?” A nan ne na gane dalilin haɗa darussan biyu. Yaro na iya gyaɗa kai awa guda kana zaton ya fahimta. Sai ya tashi zai bayyana wa wani da bakinsa ake ganin inda ɗinkin ya saki.

Da aka tashi na tsaya na yi magana da shi. Na faɗa masa abin da mataimakinsa ya yi, na kuma ce, “Malam, takardar can ta ce kakarka da ba ta yi boko ba, amma yaron da Turanci ya amsa mata. Wace kaka ce za ta ji?” Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Mama, kin yi gaskiya.” Ya ce iyaye da yawa Turancin suke biya wa, shi ya sa. Na ce ban ƙi Turanci ba, ana bukatarsa a jarrabawa da neman aiki, amma Hajiyar da za ta tambayi ɗiyata da Hausa za ta tambaye ta. Ashe ba ni kaɗai na kawo wannan kuka ba. Daga zango na biyu aka raba: Laraba Turanci, Asabar Hausa, kuma kowane yaro, har 'ya'yan Ibo da Yarabawa da aka haifa a nan, dole ya yi duka biyun. Mataimakin ya ba yarinyar haƙuri a gabana. Na yaba da wannan, ba kowace makaranta ke karɓar gyara daga bakin tela ba.

Akwai abin da nake tsoro tun farko, na san iyaye da yawa suna tsoronsa: kada a ce ana koya wa yarinya magana, a mayar da ita marar kunya, mai tsayawa ƙiƙam tana kallon babba cikin ido. A wajenmu wannan fitsara ce, ko me aka ce a wasu ƙasashe. Malam ya san da haka. Ya koya musu cewa in taron manya ne, a fara da gaisuwa bisa girma, Fada, Katekis, iyaye maza, iyaye mata, sannan a nemi izini. Ido kuwa, a ɗaga kai don murya ta fita, a riƙa duban sahu-sahu, dama da hagu da tsakiya, ba a kafe dattijo ɗaya da kallo ba. Ya ce kunya ado ce, amma ba ita ce rufe baki ba. Har yanzu ɗiyata tana durƙusawa ta gaishe da babanta, sai dai yanzu in ya tambaye ta abu yana jin amsar ba sai ya ce “me kika ce?” sau uku ba.

Yadda yake koya musu tsara jawabi ma, da ta zo tana maimaita mini a shago sai na ga aikina ne sak. Ka san wa za ka yi wa magana, wannan shi ne awo. Ka zaɓi abu ɗaya ko biyu ka bar sauran, yanka ke nan. Ka haɗa su da misali, sannan ka rufe bakin maganar kada ta yi ta zare, kalmasa ke nan. Murya kuma a filin ƙwallo suke gwada ta. Mai karatu a wannan raga, Malam a waccan, ba makirufo, in bai ji ƙarshen kalma ba sai ya ɗaga hula. A cikin hunturu aka yi wannan, ta dawo da leɓe a tsage, amma ta daina haɗiye ƙarshen magana.

Ta fannin addini ban ga inda ya rage ba. Ya bi sassa huɗu na Katekizim ɗin Cocin Katolika, wanda ya fito a 1992: abin da muka gaskata, sakramenti, dokoki, da addu'a. Bai guje wa tambayoyin da ake yi wa yaranmu kullum ba. Me ya sa Littafi Mai Tsarki namu yake da littattafai 73, na 'yan'uwanmu na sauran coci 66? Ya sa sun nemo bakwai ɗin da hannunsu: Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk, da Makabiyawa na ɗaya da na biyu. Ya kuma raba musu abu biyu da yara ke cakuɗawa: CRS na WAEC da NECO na dukan Kirista ne, daga nassi ake tambaya, don haka kada yaro ya je ya zuba katekizim a takardar jarrabawa ya ce an zalunce shi. Ga ɗiyata wannan ya yi amfani sosai, domin a makarantarsu babu malamin CRS tun da ta shiga.

Wata Asabar ta dawo da labarin da ni kaina ban sani ba, ko da yake a gabansa na girma. Ashe Fadan da suka yi aiki a nan Gusau a shekarun 1950 'yan Dominikan ne daga Amurka, kuma ainihin sunan ƙungiyarsu shi ne Ƙungiyar Masu Wa'azi, wadda Paparoma ya amince da ita tun 1216. Malam ya ce musu, cocin garin nan masu magana ne suka raine shi, bai kamata jikokinsu su zama bebaye ba. Ya kawo misalin Bishop ɗinmu na Sakkwato, Matthew Hassan Kukah, da yake kan kujera tun 2011, wanda duk ƙasar nan ta san shi da magana, da Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe, da ya zama Bishop na farko na Katsina a 2023. Mu da asalin iyayenmu wajen Malumfashi ne, wannan ya taɓa ta. Ta ce, “Mama, ashe mai irin harshenmu ma yana kai wa can.” Ya kuma nuna musu Musa a Fitowa sura 4 yana cewa bakinsa da harshensa masu nauyi ne, da Irmiya yana cewa shi yaro ne bai iya magana ba. Ta rubuta ayoyin biyu ta manna a jikin madubinta.

Yanzu ga abin da ya sa na amince da mutumin nan har zuciyata. Mu Kiristan Zamfara mun san inda muke zaune. Ba wanda ya manta abin da ya faru da ɗalibar nan da aka kashe a Sakkwato a watan Mayun 2022, kuma daga saƙon murya a WhatsApp ya fara. Duk uwar da aka ce za a koya wa ɗanta maganar addini a bainar jama'a, sai gabanta ya faɗi. Malam ya ware makonni uku cur a kan wannan kaɗai. Dokarsa ita ce: ka yi bayanin naka, kada ka taɓa na wani. In an tambaye ka don a sani, ka amsa a taƙaice. In ka ga don rigima ne, ka ce Allah ya ba mu zaman lafiya, ka wuce, ba ka fāɗi ba. Ya ce saƙon murya a guruf ɗin aji jawabi ne gaban dubban mutane da ba ka gani, magana kuwa zarar bunu ce. Ya sa kowane yaro ya buɗe wayarsa ya saurari saƙon da ya tura na ƙarshe, ya tambayi kansa ko zai iya faɗar haka gaban limamin unguwarsu da Fada a zaune tare. Ya koya musu ayar 1 Bitrus 3:15, cewa a kasance a shirye a ba da amsa, amma da tawali'u da ladabi, kuma ya fi jan layi a ƙarƙashin rabin ƙarshen. Ya gaya musu cewa tun 1965, a babban taron Batikan na biyu, Coci ta rubuta cewa tana duban Musulmi da girmamawa, masu bauta wa Allah ɗaya, masu girmama Maryamu. Don haka yaron Katolika da ya zagi addinin maƙwabcinsa, koyarwar cocinsa ya fara saɓa wa. Da a ce wannan kaɗai aka koya mata a shekarar, da ban yi da-na-sanin kuɗina ba.

Ranar karatun nata a coci ta zo a zango na uku. Mako guda tana gwaji a tsakar gida, ta sa alama da fensir a duk inda za ta ja numfashi. Ni na ɗinka mata rigar, shuɗiya mai dogon hannu. Da ta hau wurin karatu na ga takardar tana rawa a hannunta, sai ta ajiye ta, ta dafa katakon da hannu biyu kamar yadda aka koya musu, ta tsaya har coci ya yi tsit, sannan ta fara. Ana cikin karatun wuta ta ɗauke, makirufo ya mutu, kafin a tayar da janareta ta riga ta ɗaga murya ta ci gaba. Ina sahu na uku daga baya, ban rasa kalma ɗaya ba. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta taɓa ni ta ce, “Ɗiyar wa ce wannan?” Na kasa amsa mata, hawaye ya hana ni.

Duk da haka akwai abubuwan da har yau ba su gyaru ba, kuma duk mai shirin kai ɗansa ya kamata ya sani. Yaran sun yi yawa. Aji mai sama da arba'in, ga minti ɗaya-ɗaya, ga gyara, yaro na iya yin mako uku bai tashi ba, kuma masu kunya, waɗanda aka buɗe ajin dominsu, su ne suka fi iya ɓuya. Na lura kuma in za a fita gasar muhawara da wasu makarantu, yara huɗun nan dai da dama can sun iya baki su ake ɗauka. Na fahimci makaranta na son kofi, amma ba don kofi na biya ba. Batutuwan gasar ma tsofaffi ne, wai likita ya fi malami, irin wanda aka yi tun muna firamare, alhali a cikin aji Malam na kawo masu rai, kamar ko ya dace a hana shiga coci da waya.

Littattafan Hausa babu. Katekizim na Hausa guda uku ne a ajin gaba ɗaya, sauran hoton takardu ne da suka koɗe har ƙ da k ba sa rabuwa, mu kuwa mun san bambancin ƙafa da kafa. An karɓi kuɗin littafi a farkon shekara, na Turanci kaɗai aka ba su. Ɗakin kuma kwano ne ba silin, a watan Afrilu da tsakar rana yaro ba ya iya tunani a cikinsa.

Babban ƙorafina shi ne tashin Laraba. An ce shida, amma sau da yawa sai shida da rabi, a lokacin sanyi kuwa duhu ya fara. Tun da aka sace ɗalibai mata a Jangebe a Fabrairun 2021 babu uwar da ke da natsuwa a jihar nan in magariba ta yi ɗiyarta na waje, ko da a cikin gari ne. Sau biyu ina barin ɗinkin biki a kan keke in hau kabu-kabu in je ɗaukarta. Yaran da ke zuwa daga Damba da Samaru sun fi mu wahala. Mun roƙa a dawo da shi ƙarfe uku da rabi zuwa biyar, an ce za a duba, zango ya ƙare ba a duba ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajena, kuma zan sake tayar da shi a taron iyaye.

Hajiya kuwa, ba ni na shirya ba. Bayan Ista ta shigo shago gwajin riga, ɗiyata na gefe tana sa maɓalli. Yarinyar ta gaishe ta, sannan ta ce, “Hajiya, kin taɓa yi mini wata tambaya ban amsa ba. In kin ba ni izini zan amsa yanzu.” Hajiya ta ma manta, sai da aka tuna mata. Ta ce, “Allah kaɗai muke bauta wa, Hajiya. Maryamu girmama ta muke yi, don ita ce mahaifiyar Yesu, kuma muna roƙonta ta yi mana addu'a, kamar yadda Mama ke cewa ki sa mu a addu'a in za ki Makka. Gaisuwar da muke yi mata ma, wadda mala'ika ya yi mata ce.” Ta tsaya nan, ba ta ƙara ba. Hajiya ta ce, “Ikon Allah. Ai mu ma sura guda gare ta a Alƙur'ani. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan.” Sai ta juyo gare ni ta ce hannun rigar ya ɗan matse ta, aka ci gaba da gwaji.

Ga masu tambaya ko su kai nasu: in ɗanki ya riga ya iya surutu kuma kofi kike nema, za ki samu, amma ba shi ne ya fi bukatar wurin ba. In kuwa irin tawa ce, mai sani a ciki baki ya ƙi, ki kai ta, ki yi haƙuri da zangon farko, kuma kada ki tsaya a bakin ƙofa. Ki shiga ki zauna a bencin baya ko sau ɗaya ne, ki duba bayan littafinta ki ga sau nawa ta tashi a wata. In kin ga mako uku ba lamba, ki je ki sami Malam, yana saurara. Ki tambayi lokacin tashi tun kafin ki biya, ki kuma shirya wanda zai ɗauko ta ranar Laraba.

Ni dai na biya na zango mai zuwa, har da na ƙaninta mai shekara goma sha uku. Shi matsalarsa dabam ce, baki gare shi kamar me, ba ya bari mutum ya kai aya, kuma kwanan nan ya fara riƙe wayar yayansa. Na gaya wa Malam cewa makonni ukun nan na sanin lokacin yin shiru nake so a fara masa da su. Ya rubuta a littafinsa, ya ce in kawo shi Asabar ta farko da fensir da sabon littafin rubutu.